Me ya sa rodi ba ya tsayawa inda na lanƙwasa shi?

Ɗan Koyo, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ina koyon aikin rodi a wani gini da ke Ogba, kuma akwai abin da ya ɗaure min kai. In na saka rodi mai milimita 10 tsakanin ƙusoshin benci, na ja shi da bututu har kwanar ta daidaita, ina sakin hannu sai ya ɗan buɗe, kamar mai gardama. Maigidana ba ya dogon bayani, "zarce kaɗan" kawai yake cewa. Jiya kuma na ɓata zoben ginshiƙi, wato rodin da ake lanƙwasawa ya zagaye dogayen rodunan ginshiƙi, na miƙar da shi, na sake lanƙwasawa. A karo na uku sai ƙas! ya tsage a gwiwar. Na sha faɗa a gaban leburori. Rodin ne jabu ko hannuna ne?

Injiniya, Idi Araba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Maigidanka ya san aiki, bakin bayani ne ba shi da shi. Ƙarfe yana da iyaka. Kafin a kai ta, gwargwadon jan da ka yi masa gwargwadon miƙewarsa, ka sake shi ya koma yadda yake. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya wallafa wannan ƙa'ida a 1678. Rodi mai tsawon mita 12, irin mai lambar ƙarfi 460, zai iya ƙara kusan santimita 3 in an ja shi, ya kuma dawo. Da an ƙetare iyakar, sai ƙwayoyin ƙarfen su zame a kan juna layi-layi, wannan kuwa ba komawa.

To a gwiwar zobenka, gefen waje na rodin ya miƙe, na ciki ya matse, duk sun ƙetare iyakar. Amma tsakiyar sandar ba ta kai ba, tana nan tana neman komawa gida. Ita ce ke buɗe maka kwanar.

Tsagewar kuma laifinka ne, ka yi haƙuri. Duk lanƙwasawa tana ƙara wa wurin tauri, tana rage masa juriya. Gwada da wayar ɗauri: lanƙwasa ta gaba da baya, ka taɓa wurin, za ka ji ɗumi kafin ta tsinke.

Mai Albasa, Mile 12:
Allah Ya ƙara ilimi Injiniya. Ashe abin da ya kashe min sikeli ke nan! Na rataye ne, mai ɗaukar kilo 50, wani yaro ya ɗora masa babban buhu. Tun ranar allurar ba ta koma sifiri ba, kilo 2 take nunawa ko iska ba a rataya ba. Wata mata Bayarabiya ta kusa tara min jama'a.

Injiniya, Idi Araba:
Shi ne, Alhaji. Sifirin ɗin ciki, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke miƙewa in an rataya kaya, ya ƙetare iyakarsa. Sayi sabo, kada ka ci haƙƙin mutane.

Ɗan Koyo, Agege:
Na gode yallaɓai. Na gwada wayar da safe, a lanƙwasa ta tara ta tsinke, har ta ɗan ƙona min yatsa. Amma ina da saura: maigida ya ce rodi mai milimita 16 ba a yi masa kwana mai tsini kamar na 10, sai an ba shi fili. Shi ma dalilin ɗaya ne?