Ma'ajiyar bindiga mai kwaɗo a shagon ginin ƙasa: yaya za a kafe ta?

Salamu alaikum. Ina neman shawarar maƙera, masu walda da 'yan farauta. Shagon hatsi ne a wani ƙauye kusa da Gumel, bindigar kuma mai baki biyu ce ta harsashi lamba 12, tana da lasisin 'yan sanda. Nauyinta kusan kilo 3 da rabi.

Da farko an yi tunanin maƙala ta ƙarƙashin tebur. Na ƙi, domin bakinta zai riƙa kallon cinyar mai ciniki, ga yara da almajirai suna shiga har ƙarƙashin teburin tsintar gero. Katakon ma falle ne siriri, noti biyu suka tsaga shi.

Sai aka koma akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a jikin bango, bakin bindiga sama, babu harsashi a ciki. Matsalar bangon: tubalin ƙasa ne. Ƙusa inci 6 guda huɗu aka buga, kafin sati biyu ƙasar ta marmashe, akwatin ya sunkuyo. Da hannu ɗaya ɓarawo zai fizge shi.

To wanne ya fi? A huda bangon gaba ɗaya, a zura dogon noti da faifan ƙarfe ta waje, ko a haƙa rami a dasa ƙafafun akwatin cikin kankare? Idan kankare ne, zurfin nawa?

Sai tsatsa. Da damina raɓa na taruwa cikin akwatin, baƙin mai kuma ƙura yake kamawa. Wane mai kuke shafawa?