Shin matasanmu masu digiri za su iya farfaɗo da Kakuri?

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:

Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayinku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da aka kafa masaƙar Kaduna Textiles a 1957, sannan United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, dubban magidanta ne suka riƙa cin abinci a Kakuri, unguwar masana'antu ta garin Kaduna, kuma ranar albashi har mai shayi da mai gidan haya sai sun san wata ya ƙare. Yau galibin masaƙun a rufe suke, ciyawa ta cinye harabarsu, alhali kowace shekara Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha suna yaye ɗalibai. Ana ta cewa su kafa kamfanoninsu. Ɗana ya kammala hidimar ƙasa, shi ma abin da yake so ke nan. Shin da gaske ƙananan kamfanoni za su iya tayar da garin da manyan masana'antu suka bari?

Malamar kasuwanci, Unguwar Rimi:

Wa alaikumus salam, Baba. Babu wani kamfanin matashi da zai ɗauki ma'aikatan da masaƙa guda take ɗauka, kuma bai kamata mu yi musu wannan alƙawari ba. Abin da za su iya shi ne su riƙe ribar da take fita daga jihar nan. Cittar Kachia da Jaba da Kagarko, alal misali, yawanci busasshiya ake lodinta a buhu, wasu ne can suke niƙa ta, su tatsi manta, su ci riba mai tsoka. Ga tashar jiragen ruwa ta kan tudu, wato inda ake tantance kayan da za su fita ko shigo ƙasa ba sai an je bakin teku ba, da aka buɗe a Kakuri a 2018, wadda mai sarrafa citta zai iya fitar da kayansa ta nan. Dokar kamfanoni ta 2020 kuma ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai.

Mai walda, Panteka:

Malama ta faɗi gaskiya, amma ina da ƙari. Mu a nan muna ƙera injin niƙa da na casar masara, sai dai da ido da gwaninta muke aunawa, shi ya sa idan wani ƙarfe ya lalace a ƙauye, dole manomi ya ɗauko injin gaba ɗaya ya kawo mana, domin na wannan bai cika shiga na wancan ba. Da injiniyan da ya fito daga jami'a zai zauna tare da mu, ya zana awo ɗaya da kowa zai bi, ya kuma riƙe lissafi, da kasuwarmu ta wuce inda take. Masu digiri su daina ƙyamar baƙin mai a hannu. Babbar matsalarmu kuwa wutar lantarki ce, domin kuɗin man janareta yana cinye ribar tun kafin a sayar da kaya.

Mai kamfanin sarrafa waken suya, Barnawa:

Baba, ina roƙonku da ku ba ɗanku lokaci. Abin da ya fi karya gwiwar irinmu shi ne a riƙa tambayarmu a gida yaushe za mu sami aikin gwamnati, alhali sabuwar sana'a ba ta tsayawa da ƙafarta cikin 'yan watanni. Ku ba shi shawara kada ya fara da cin bashin banki. Ya nemi mutum uku ko huɗu da suka yarda za su sayi kayansa, ya yi musu da ɗan abin da yake hannunsa, ya rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita, domin wannan littafin ne Bankin Masana'antu ko wani mai zuba jari zai nema ya gani idan lokacin faɗaɗawa ya yi. Idan kuma kuna da tsofaffin abokan aiki da suka san gyaran inji, ku haɗa shi da su tun yanzu.