Neman kalma: me za mu kira "aquifer" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara bayanan wani baje koli kan ruwa da za a nuna wa 'yan makaranta a gidan tarihi, kuma gobe da safe mai buga allunan zai zo karɓa. Akwai akwatin gilashi da aka jera tsakuwa da yashi da yumɓu a ciki. Yaro zai danna ɗan famfo ya ga ruwa mai shuɗi yana ratsa yashin, yumɓun kuma ya tare shi. Wannan shimfiɗar mai riƙe ruwa nake nema wa suna.

Malamin Jogirafi: Makwancin ruwa.

Ɗan Maraɗi: Rumbun ruwa ya fi daɗin baki. Na yankin Iullemmeden, wanda Nijar da Najeriya da Mali suka yi tarayya a kansa, ai rumbu ne babba.

Malamin Jogirafi: A'a ɗan'uwa. Rumbu cikinsa fili ne, yaro zai ɗauka tafki ne kwance a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan a tsakanin ƙwayoyin yashi yake, kamar yadda ake tona busasshen rafi da rani ya tsattsafo. Wannan zato na tafki shi ne akwatin ke son gyarawa.

Hajiyar Rediyo: Masu haƙar rijiya jijiyar ruwa suke cewa. Ko a bar shi akwifa kawai, a yi bayani a ƙasa.

Ɗan Maraɗi: Akwifa kuma, Hajiya? Haka kuke cika mana harshe da Turanci, sannan ku ce taku ce daidaitacciya.

Hajiyar Rediyo: Famfo da bokiti fa, a Gobir aka haife su? Ku da ba ku iya sayen burodi sai da Faransanci.

Ɗan Maraɗi: Rumbun ruwa dai. Ko tsohuwa ta ji ta gane.

Mai Fassara: Don Allah a yi haƙuri, dare na yi. Jijiya siririya ce, ba za ta ɗauki irin na yankin Tafkin Chadi mai hawa 3 ba, wanda a Borno aka yi ta haƙa shi ruwa na fitowa da kansa. Zan sa "makwancin ruwan ƙarƙashin ƙasa".

Malamin Jogirafi: Ya yi tsawo a allo, amma babu kuskure.

Ɗan Maraɗi: To, Allah ya sa alheri. Ni dai a ajina rumbu zan ci gaba da cewa.