Zafin jiki da zufar dare sun hana ni barci, ina neman shawara

Assalamu alaikum iyayena da yayyena mata. Shekaruna 48, kuma al'adata ta fara wasa: wata ta zo, wata ta ƙi, in ta dawo kuma sai ta zo da yawa. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya gallabe ni shi ne zafin da ke taso min daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa min zane tsakar dare, ko da hunturu. Barci ya gagara, ga saurin fushi, har maigida ya fara cewa na canza.

Likita ta ce wani sinadarin jikin mace mai suna estirojin ne ke raguwa, kuma ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an yi wata 12 cur babu jini. Ta ambaci maganin da ke mayar da sinadarin, amma ina da hawan jini, shi ya sa nake ɗari-ɗari. Wadda ta taɓa sha, yaya ta ji?

Sai batun sallah. Jinin da ya zarce kwanakin da na saba, haila zan ɗauke shi ko istihada? Don Allah malamai mata ku warware min.