Na tsinci kwamfutar Baba mai maɓallan roba, wa ya tuna sunan wannan wasan?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da wani kwali a ƙasan akwatin littattafansa. Ina buɗewa sai ga baƙar kwamfutar nan da ya zo mana da ita daga Ingila da ya gama karatu, ZX Spectrum, mai ratsin launi huɗu a kusurwa. Girmanta bai wuce littafin rubutun ɗan makaranta ba. Har da kaset bakwai ɗaure da roba, robar ta narke ta manne musu.

Wallahi na daɗe a tsugune riƙe da ita. Ranar Asabar kawai Baba yake fito da ita. Ya jona ta da talabijin, ya ari rediyon kaset ɗin Mama, ya danna wasu maɓallai, sai wani kuka ya tashi kamar na gyare, gefen talabijin ya cika da zane-zane masu rawa. Mu huɗu kan tabarma, ba mai ko tari. Idan aka ɗauke wuta ana dab da gamawa, sai Baba ya ce "Haƙuri", ya sa biro ya mayar da kaset ɗin farko.

Tambayata biyu ce. Akwai wasan wani ɗan mutum mai hula da ke tsalle cikin kogo yana tsintar makullai, iska tana ƙare masa a ƙasan allo, in ya mutu gaba ɗaya wata ƙatuwar ƙafa ta sauko ta take shi. Takardun kaset ɗin sun goge. Mene ne sunansa? Na biyu, wayar wutarta ta ɓata, amma ina da adafta mai bolt 9 da ta shiga ramin daidai. In jona?

Malamin Lissafi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya sa Aljanna ce makoma.

Manic Miner kake nufi, ba ko tantama. Wani yaro ɗan Ingila mai suna Matthew Smith ne ya rubuta shi, yana ɗan shekara 17, kamfanin Bug-Byte ya fitar a 1983. Ɗan mai hular sunansa Willy. Kogo ashirin ne a ciki, na farkon shi ne Central Cavern, kuma da yawanmu nan muka yi watanni. Ita Spectrum ɗin kamfanin Sinclair ya fitar da ita a 1982, iri biyu bisa girman ma'adanar bayananta: mai 16K fam 125, mai 48K fam 175. Tunda Manic Miner ya tashi a kanta, ta Baba mai 48K ce, don ba ya tashi a kan mai 16K.

Abin da har yau nake jinjina wa yaron nan shi ne wannan. Kwamfutar ba ta iya nuna fiye da launi biyu a kowane ɗan murabba'i na ɗigo 8 sau 8, kuma ƙaramin lasifika ɗaya ne gare ta mai sauti guda. Duk da haka ya sa kiɗa yana tashi kana cikin wasa, ga ƙasar da ke zubewa ƙarƙashin ƙafarka in ka tsaya jinkiri. Tsallen Willy kuwa ba ya canzawa, in ya tashi ya tashi, ba ka da ikon juya shi a sama. Shi ya sa wasan ya zama lissafi zalla: daga wane ɗigo za ka tashi, a wane lokaci. Hoto ɗaya a wayarka ya fi wasan nan dukansa girma nesa ba kusa ba.

Maɓallan da Baba ke dannawa kuwa, J ne, shi ke rubuta LOAD, wato umarnin ɗauko wasa daga kaset, sai Symbol Shift da P sau biyu.

Mai Gyaran Rediyo:

Ɗan'uwa, don Allah kada ka jona! Ajiye adaftar nan. Spectrum bolt 9 take sha, gaskiya ne, amma tsakiyar filoginta negatif ne, yawancin adaftocin kasuwa kuwa tsakiyarsu fozitif. Ka jona a juye, kana iya ƙona ta nan take. Duba ɗan zanen da ke bayan adaftar, ko ka kai wa mai mita ya auna.

Ko ka samu wadda ta dace, abin da ya shekara arba'in a kwali cikin zafin nan namu sai an buɗe an duba kafasitocinsa, don bushewa suke yi. A buɗe a hankali, akwai siraran ledoji biyu da suka haɗa maɓallan da allon ciki, da an fizga sun tsage. Sannan talabijin ɗin yanzu ba kowanne ke kama ta ramin eriya ba. Ana ɗan gyara a fitar da hoton ta waya mai kan rawaya, ba aiki ne mai wuya ba.

Maman Khalifa:

Kai, kun tuna min da gida. Mu wata kwamfutar ce, Commodore 64, wajen kawuna a Kaduna, kuma Malam ka yi haƙuri, wajen sauti ba a haɗa su. Guntun sauti na SID da ke cikinta murya uku yake fitarwa lokaci guda, har daga kicin nakan gane wasan da yayyena suka sa. Ba sa ba ni sandar wasan sai an aike su.

Kafin a gama gyaran, ka sauke manhajar Fuse a kwamfutarka, kyauta ce, tana kwaikwayon Spectrum sak. Kaset ɗin kuma kar ka sa su a kowace rediyo, tsohuwar rediyo tana cinye zare.

Ɗan Tudun Wada:

Amin, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ina ganin sunan Willy sai da idona ya kawo ruwa, don Baba "Wili" yake ce masa, mu duk mun ɗauka shi ya raɗa masa.

Oga mai gyara, ka cece ni. Na duba bayan adaftar, tsakiyarta fozitif ne, kuma niyyata in jona bayan isha'i. Na mayar da ita aljihun tebur.

Hajiya, na sa Fuse daren jiya. Ƙanwata ta zo ta tsaya a kaina, ita da ba ta wuce shekara biyar ba a lokacin, sai ga shi tana bin kiɗan da baki. Har ƙarfe ɗaya muna Central Cavern, makullin can sama ta hagu ya ƙi ɗaukuwa. Oga, in na buɗe ta gobe na ɗauki hoton allon cikin, za ka duba min kafasitocin?