Wa ya taɓa fara babban aiki da ɗan abin da ke hannunsa?

Malamar firamare, Kano

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina ɗauke da buri ɗaya, wato in buɗe wa yara mata masu talla a unguwarmu makaranta, su koyi karatu da lissafi da sana'a ba tare da an raba su da abin da ke ciyar da gidajensu ba. Na zana ginin a takarda, na yi lissafin kujeru da albashi, na rubuta takardar neman tallafi har sau huɗu, shiru kake ji. Kullum da safe ina wuce yaran nan a bakin titi da farantin gyaɗa a ka, wasunsu ma ƙannen ɗalibaina ne, sai in ji kamar alkawari na yi musu na saɓa. Rannan mahaifiyata ta ce da ni, "Ke kina jiran gini, su kuwa yaran girma suke yi." Maganar ta ƙi fita daga raina. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, burinsa ya fi ƙarfin aljihunsa amma ya daure ya fara, ya ba mu labarin yadda ta kaya, har da inda aka yi tuntuɓe.

Uwargida daga Maraɗi

Wa'alaikumus salam, Malama. Mu nan injin niƙa muke so. Matan ƙauyenmu sai sun yi tafiya mai nisa da hatsi a ka kafin su sami niƙa, wadda ba ta iya ba ta wuni a bakin turmi. Da muka tambayi kuɗin inji, kowa ta yi shiru.

Asusu ne ya fitar da mu, irin na Mata Masu Dubara. A nan jihar Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara wannan tsari a 1991, yanzu kuwa ya bazu ƙasashe da yawa. Ba kuɗi aka kawo mana ba, hanya aka nuna mana. Mu ashirin da biyar ne, duk mako mu hallara a gindin dalbejiya, kowa ta zuba dala ashirin, wato sefa ɗari. Akwatinmu na ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Yawancinmu ba mu yi lakwal ba, don haka da baki ake faɗin abin da ya shiga da abin da ya fita, kowa ta riƙe a kanta, mako mai zuwa a tambaye mu kafin a buɗe. Mai so ta ci bashi ta yi ƙuli-ƙuli ko ta sayi tunkiya ta yi kiwo, ta dawo da shi a kan lokaci.

Tuntuɓenmu a shekarar farko ne. Wata ta karɓi bashi, ashe maigidanta ta ba, shi kuma ya tafi ci-rani bai waiwayo ba. Mun yi kuka, mun yi faɗa, saura kaɗan asusun ya watse. Daga ƙarshe muka yafe mata rabi, ta biya rabi kaɗan-kaɗan, muka kafa doka cewa sai mace ta faɗi sana'ar da za ta yi a gaban taro, wasu biyu su tsaya mata. Injin dai sai a shekara ta shida muka saya, tsoho ma kuwa. Yana nan yana aiki.

Ɗan Zariya

Ni labarina na faɗuwa ne, amma tunda kin ce har da tuntuɓe, ga shi. Lokacin bautar ƙasa na karanta tarihin Muhammad Yunus na Bangaladash, wanda a 1976, yana malamin tattalin arziki a jami'ar Chittagong, ya shiga ƙauyen Jobra ya tarar da mutum 42 da 'yan ba da bashi suka ɗaure su a kan kuɗin da duka-duka bai wuce dalar Amurka 27 ba. Ya ba su rancen daga aljihunsa, daga nan Bankin Grameen ya samo asali, har aka ba su lambar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Wallahi daren nan ban yi barci ba. Na kwashe abin da na tara daga alawus na raba wa mutum tara a unguwarmu a matsayin jari.

Ban rubuta komai ba, ban sa ranar biya ba, kuma biyar daga cikinsu 'yan'uwana ne. Yaya za ka dubi ƙanwar mahaifiyarka ka ce ta kawo kuɗi? Mutum biyu kaɗai suka biya. Sai daga baya na lura da abin da na tsallake a labarin: su Grameen rukuni-rukuni suke haɗa mutane, biyar-biyar, kuma duk mako ake biyan wani ɗan abu a bainar jama'a. Ni dalar 27 na gani, ban ga tsarin da ke bayanta ba. Abin da ya fi yi min ciwo, har yau akwai gidajen da nake jin nauyin shiga, su ma suna jin nauyina.

Malamin islamiyya, Katsina

Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Amma akwai abin da ya kamata a faɗa kafin wani ya kwaikwaya ido rufe: Grameen da kuɗin ruwa yake ba da bashi, kuma asusu da yawa su ma ana ɗora wani abu a kan rance. Mu da muka haɗa namu, nan muka fi daɗewa muna muhawara. Mafitar da muka samu ita ce ba ma ba da kuɗi a hannu. Mai son keken ɗinki, ƙungiya ta sayo keken ya zama nata, sannan ta sayar masa da ribar da aka yi yarjejeniya tun farko, ya biya a hankali, kuma ko ya yi jinkiri ba a ƙara masa ko kwabo. Da keke ɗaya muka fara. Wani amfanin kuma, keke ba ya narkewa a hidimar suna ko biki kamar yadda tsabar kuɗi ke yi.

Uwargida daga Maraɗi

Gaskiya ne, Malam. Mu ma akwai waɗanda suka ƙi shiga saboda wannan, kuma ban ga laifinsu ba. Zan kai wa matanmu wannan shawara ranar zubi.

Mai sayar da kayan miya, Dutse

Malama, maganar 'yan talla ce ta sa na tanka. Kin san me ke fitar da yarinya da sassafe da farantin yalo ko tumatir? Tsoron ruɓewa. Abin da aka tsinko yau in bai ƙare ba, jibi sai zubarwa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami ne a nan Jigawa kuma ɗan gidan masu ginin tukwane, wannan ya duba ya yaɗa dabarar randa cikin randa. Ka sa ƙaramar tukunya cikin babba, ka cika tsakaninsu da yashi, ka jiƙa yashin, ka rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki. Da kuɗinsa ya fara sa magina su yi, yana rabawa a ƙauyuka, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ni da guda biyu na fara, a bayan rumfata. Safe da yamma nake zuba wa yashin ruwa. Lokacin hunturu da bazara abin sai wanda ya gani, alayyafo ma yakan kwana biyu bai yi yaushi ba. Da damina dai sanyin yakan ragu saboda iska ta riga ta jiƙe, kada wani ya ce ban faɗa ba. Da asarata ta ragu, na daina tura 'yata zagaye da ragowar kaya, yanzu tana aji biyar. Maƙwabtan rumfa huɗu sun kwaikwaya. In kina son yaran su zauna a gabanki, ki fara zama da iyayensu mata ki ji me ake sayarwa, ƙarfe nawa ciniki ke ƙarewa.

Manomi daga Tasawa

Gonar da na gada fili ce fetal, iska na binne shuka da rairayi. An sha kawo mana dashe, mu dasa, rani ya kashe. Sassabin zamani ne ya canja ta. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura tun 1983 a yankin Maraɗi cewa 'yan tsirran da muke sarewa muna ƙonawa kafin shuka, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙasa. Sai ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka datse saura. Yanzu ana ƙiyasta cewa hekta miliyan biyar sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya. Ni kututture bakwai na bari shekarar farko, aka yi ta yi min dariya wai ragwanci ne ya hana ni share gona. Wasu ma da dare aka sare min. Yau ina da gawo da kalgo da aduwa, geron gindin gawo kuma ya fi na ko'ina kyau, don shi da damina yake zubar da ganye. Ban sayi komai ba, wuƙata ce kawai.

Malamar firamare, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗan'uwa na Zariya, labarinka ya fi taɓa ni, don ni ma da zuciya kaɗai nake shirin shiga. Na bi shawarar Baba na Dutse, jiya na shiga gida huɗu. Iyayen sun ce bayan la'asar yaran sun dawo, amma ban da ranar Juma'a. Wata uwa ta ce ba ta yarda da kyauta ba, gara ta riƙa ba da naira ɗari duk mako don yarinyar ta san abin da nauyi, sauran ma suka amince, kuma wata daga cikinsu ce za ta riƙe kuɗin, ba ni ba. Kawuna ya ba ni aron zaurensa Asabar da Lahadi. Yara shida ne, na sayi littafin rajista da tabarma biyu. Allo ne ban samu ba tukuna, in akwai mai tsoho a nan cikin Kano da ba ya amfani da shi, ya yi min magana kafin Asabar, zan zo in ɗauka da kaina.