Sallamar manaja tana gyara ƙungiyar besbol kuwa, ko huce haushi ne kawai?

Direban Denver:
Assalamu alaikum jama'a. Shekarata takwas a Denver, tun ban san kan besbol ba har na zama ɗan a-mutun Colorado Rockies. Ina zaune a filin Coors Field ranar 10 ga Mayu 2025 da San Diego Padres suka lallasa mu 21 da nema. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda manajanmu Bud Black ya tako a hankali zuwa tudun jifa, ya karɓi ƙwallo daga hannun mai jifa, ya ɗaga hannu a turo wani, shi ma wanda aka turo ɗin aka ci gaba da jibgarsa. Tun wasa bai ƙare ba kujerun gefena suka zama wayam. Washegari muka yi nasara, amma duk da haka aka sallami Black, muna da nasara 7, rashin nasara 33. Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Sai ga shi Warren Schaeffer ya karɓa, kakar ta ƙare muna da nasara 43, rashin nasara 119. To masana, me sallamar ta tsinana mana?

Baban Yasmin:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada rashin sa'arku ta sa ka yi wa abin kuɗin goro. Ni ɗan Phillies ne. A Yunin 2022 muna 22 da 29 aka sallami Joe Girardi, aka ɗora mataimakinsa Rob Thomson, mutumin da bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba. 'Yan wasan nan dai ne, amma suka ci 65 cikin wasanni 111 da suka rage, muka kai har World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofi, Houston Astros ce ta tare mu. Ka kuma duba Marlins a 2003: sun kawo Jack McKeon a watan Mayu yana da shekara 72, dattijon ya je ya ƙwace kofi a hannun Yankees. Wani lokacin 'yan wasa gajiya suke yi da murya ɗaya.

Malamin Lissafi:
Baban Yasmin, ka kawo rabin labari ka ɓoye rabi. Kwana huɗu bayan Girardi, Angels suka sallami Joe Maddon bayan an ci su sau 12 a jere. Ga taurarinsu Mike Trout da Shohei Ohtani, amma suka ƙare 73 da 89. Wannan ba ya zuwa bakin mutane saboda ba shi da daɗin ba da labari.

Malam Direba, ina ganin idon ƙwallon ƙafa kake kallon abin da shi. A besbol manaja ba shi ke sayo 'yan wasa ba, aikin janar manaja ne da mai ƙungiya. Nasa shi ne jera masu bugu tara, sanin lokacin cire mai jifa, da riƙe zukatan mutum 26 tsawon wasanni 162. Ko jerin ma, yau a ƙungiyoyi da dama masu nazarin alƙaluma na ofis suna da baki a ciki. Phillies suna da Bryce Harper da Kyle Schwarber da Zack Wheeler, ƙungiya ce mai ƙarfi da take wasa ƙasa da ƙarfinta, ko ba a taɓa kowa ba akwai alamar za ta farfaɗo. Ku fa? An ci ku sau 103 a 2023, an ci ku sau 101 a 2024. Ciwon ya daɗe. Kuma Black ɗin nan shi ya kai ku wasannin neman kofi a 2017 da 2018, lokacin kuna da tauraronku Nolan Arenado. Ba shi ya miƙa Arenado ga Cardinals a 2021 har da rakiyar kusan dala miliyan 50 ba. Ga filinku a tudu, mita 1,600 sama da teku, iska ba kauri, ƙwallo ba ta lanƙwasa yadda mai jifa yake so, in an buga kuma ta yi ta tafiya. Wane manaja ne zai sauko da Denver ƙasa?

Hajiyar Washington:
Ƙanena, bari in ba ka namu. A Mayun 2019 Nationals suna 19 da 31, ni da kaina ina cikin masu cewa a kori manajanmu Dave Martinez. Aka yi kunnen uwar shegu da mu, a Oktoba ya ɗauko kofi. Da suka tashi sallamarsa a Yulin 2025, tare da janar manaja Mike Rizzo suka haɗa. Wannan ita ce sallamar da nake ɗauka da gaske, wadda ta hau har bene.

Direban Denver:
Na gode Hajiya. Malam, na zauna na buga lissafin: ƙarƙashin Schaeffer 36 da 86 ne, wato kusan uku cikin goma, alhali na Black bai kai biyu cikin goma ba. Har zan ce an samu ci gaba, sai na tuna White Sox na 2024, da suka sallami Pedro Grifol a Agusta suka kuma ƙare 41 da 121. Wasa biyu kacal muka fi su. Tikitin kakar baɗi dai na ajiye maganarsa tukuna, sai na ga masu jifan da za su kawo.